Farfaɗowar Tsirrai Bayan Aman Wutar Dutsen Sant Helens

A ranar 18 ga Mayu, 1980, Dutsen Sant Helens na ƙasar Amurka ya yi aman wuta, inda ya lalata daji kimanin murabba'in kilomita 600. Tun daga lokacin masana suka kakkafa turaku a ƙananan filaye, suna komawa suna ƙirga abin da ya tsiro, yau fiye da shekara 40. Cikin tsirran da suka fara kama ƙasar da toka ta binne akwai wani dangin wake mai ƙara wa ƙasa ƙarfi, sannan ciyayi da itatuwa suka biyo baya. Mu a Wudil mun san amfanin wake ga gonar da ta gaji. Muna kira ga malaman gona su riƙa rubuta yadda irin waɗannan gonaki ke farfaɗowa kowace damina.