Daga dusar ƙanƙarar Atlas zuwa gaɓar teku: Yadda tafiyar mota take a kudancin Maroko

A tsakanin watan Disamba da Maris, matafiyi a ƙasar Maroko kan iya karya kumallo a ƙauyen da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, ya kuma yi sallar Isha'i a bakin Tekun Atlantika. Nisan bai taka kara ya karya ba. Abin da ke sauya yanayin shi ne tudu da gangare, domin duk hawan mita 1,000 zafi kan ragu da kimanin digiri 6 a ma'aunin Selshiyas. Wannan ne ya sa wanda ya lissafa tafiyar da kilomita kaɗai yakan kwana a hanya.

Akasari daga birnin Marakesh ake tashi, wanda tsayinsa daga doron teku bai kai mita 500 ba. Bayan kimanin kilomita 65 zuwa kudu, ta garin Asni, sai a isa ƙauyen Imlil, ƙofar shiga Gandun Tubkal da aka kafa a 1942. A cikinsa Dutsen Tubkal yake, mai tsayin mita 4,167, wanda babu kamarsa a Arewacin Afirka. Idan aka kwatanta, Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. A yankin Imlil ake ajiye mota, sauran hawan sai da ƙafa da alfadarai. Tun bayan kisan wasu 'yan yawon buɗe ido mata biyu a yankin a Disambar 2018, hukuma ta wajabta wa masu hawa ɗaukar ɗan jagora.

Daga nan akan koma Asni a kama hanyar Tarudant, wadda ke ƙetare mashigar Tizi n'Test a tsayin kusan mita 2,100. Nan ne wuyar aikin. Hanyar ƙunci gare ta, ga kwana-kwana, ga rami a gefe. Tsakanin Marakesh da Tarudant bai wuce kilomita 230 ba, amma yakan ci awa biyar ko fiye. Idan ƙanƙara ta zuba da yawa, jami'ai kan sauke shinge su rufe hanya har sai an share ta. Ko bayan an buɗe, ruwan da ya narke da rana yakan sake daskarewa da dare, kwalta ta yi santsi da asuba. Saboda haka direbobin da suka san wurin ba su hawa da duku-duku, ba su kuma bari magariba ta riske su a sama. Wajen gangarowa, ƙaramar giya suke sa wa mota maimakon danne birki, don kada ya yi zafi ya ƙi kamawa.

Wannan yanki ne girgizar ƙasar ranar 8 ga Satumbar 2023 ta fi yi wa ɓarna, inda kusan mutum 3,000 suka rasu. Masallacin Tinmel, wanda aka gina a ƙarni na 12 a gefen wannan hanya, yana cikin abin da ya rushe. Wanda ba ya son hawan yana da zaɓi: babbar hanyar Marakesh zuwa Agadir da aka buɗe a 2010, wadda ake bi cikin kimanin awa uku.

Da an sauko kwarin Sus, sai a tuɓe rigunan sanyi. Gonakin lemo da tumatir ne ko'ina, da bishiyoyin argan da awaki ke hawa suna cin 'ya'yansu. Hanya ta ɓulle a Agadir, birnin da aka sake ginawa bayan girgizar ƙasar 1960. Kudu da shi akwai Gandun Sus-Massa da aka kafa a 1991, mafakar wani jinjimi mai sanƙo da ya kusa ƙarewa a duniya. Arewa kuwa, tafiyar kimanin kilomita 175 a gefen teku kan kai mutum Essawira, garin iska da masunta. Sarki Muhammad bin Abdullah ne ya gina shi a shekarun 1760, kuma a da nan ne ayarin raƙuma daga Tumbuktu ke sauke kaya a loda su a jiragen ruwa.

Dutsen da gaɓar tekun kuwa a ɗaure suke da juna. Ƙanƙarar da ke taruwa a Atlas ita ce rumbun ruwan kwarin: tana narkewa sannu a hankali ta shiga Kogin Sus da madatsun ruwa, a shayar da gonakin da manyan motoci ke kwasar amfaninsu zuwa Turai da Muritaniya da Senegal da Mali. Farin da ya jera shekaru yana addabar Maroko ya rage wannan ajiya, har ta kai a 2022 an fara amfani da matatar da ke cire gishiri daga ruwan teku a kudancin Agadir, domin sha da noman rani. Don haka ranar da aka rufe Tizi n'Test, matafiyi na takaici a bakin shinge, manomin Tarudant kuwa godiya yake yi wa Allah.