Hayaƙin da Ba Ya Shiga Lissafin Kamfanin Wuta

A watan Nuwamba na 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa nan da 2060 iskar kabon da Najeriya ke fitarwa ba za ta wuce wadda ake shanyewa ba, kuma a watan ne ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A Turai, idan aka ɗauki irin wannan alkawari, kamfanonin lantarki ake fara tuhuma: nawa tashoshinku ke fitarwa, yaushe za ku rufe masu ƙona kwal? Tambayar ta dace da su. Amma wanda ya kawo ta Nguru ko Gashuwa a arewacin Yobe yadda take, ya auna abin da ba shi ne ciwon ba, domin yawancin hayaƙin da neman wuta ke haddasawa a nan yana tashi ne a lokacin da kamfani bai ba da wuta ba.

Kamfanin YEDC da ke Yola, wanda ke kula da Adamawa, Taraba, Borno da Yobe, ba ya samar da wuta. Rarraba ta yake yi. Wutar da yake karɓa daga babban layin ƙasa, kusan kashi huɗu cikin biyar daga tashoshin iskar gas na kudu take, sauran daga madatsun ruwa irin su Kainji, Jebba da Shiroro. Duka-duka ba kasafai take wuce megawat 5,000 ba, ga mutane sama da miliyan 200, arewacin Yobe kuwa yana can ƙarshen layi. Idan aka ɗauke wuta, buƙata ba ta ɗaukewa. Mai injin niƙa zai tayar da nasa, haka mai ƙanƙara a kasuwar Nguru, da mai walda, da mai cajin waya, da asibiti, ga kuma injinan ban ruwa da ke kwana suna ruri a fadamun Kogin Yobe lokacin noman rani. Kowace lita ɗaya ta dizal da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon, ta fetur kuma kusan 2.3, sannan ƙaramin janareta yakan ɓarnatar da mafi yawan ƙarfin mansa a zafi da ƙara. Ba littafin kamfanin da ke ɗauke da wannan hayaƙi, alhali rashin wutarsa ne ya haife shi.

Wani zai ce me ya haɗa talakan Gashuwa da wannan lissafi, tunda duk nahiyar Afirka ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kabon da duniya ke fitarwa ba? Maganarsa gaskiya ce, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa manomin da rairayi ke binne gonarsa a Yusufari laifin masana'antun wasu. Ko lalacewar dausayin Hadeja zuwa Nguru ma, madatsun Tiga da Challawa da ciyawar kacalla da ta toshe hanyoyin ruwa suna da babban hannu a ciki, ba zafin duniya kaɗai ba. Sai dai a nan rage hayaƙi ba sadaukarwa ba ce da ake nema daga talaka. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareta ya zama rami mai cinye ribar ƙaramin ɗan kasuwa, don haka duk awar wuta da aka ƙara masa ta rage masa kashe kuɗi, ta kuma rage hayaƙin da yake shaƙa a bakin shagonsa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ai iskar gas ma tana fitar da kabon, to ƙara wutar layi ba ƙara hayaƙi ba ne? A takarda haka ne, alƙaluman ɓangaren lantarki za su hau. Amma babbar tasha ta fi dubban ƙananan injina iya tatsar wuta daga makamashi, shi ya sa jimillar hayaƙin ke sauka ko da na kamfani ya ƙaru. Maiduguri ta ga hakan: bayan an tarwatsa turakun layin wutar da ke zuwa daga Damaturu a farkon 2021, garin ya daɗe a hannun janareta, kafin a buɗe masa tashar gas mai megawat 50 a watan Maris na 2023. Arewacin Yobe kuwa ba shi da bututun gas a kusa, abin da yake da shi rana ce, irin wadda yankuna kaɗan a ƙasar nan ke samu. Matsalar ba ta fasaha ba ce. A 2016 an ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 don gina manyan tashoshin sola, akasari a Arewa, shekaru suka shuɗe suna kan takarda saboda takaddamar farashi da lamuni. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, saboda haka yanzu gwamnatin Yobe na iya zama da kamfanin rarraba wuta a ɗora masa ma'aunin da ya dace da wurin: awa nawa aka ba Nguru da Gashuwa a rana, wuta nawa ta zube a tsofaffin wayoyi da taransfoma, mita nawa aka saka, da kuma injinan ban ruwa nawa suka koma sola kafin noman rani mai zuwa.