BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: A Karɓo Magani Tun Bai Ƙare Ba

Akwai cututtukan da a kan sha musu magani kwana uku ko bakwai a huta. Akwai kuma waɗanda maganinsu sai an yi watanni ko shekaru ana sha, kamar su hawan jini, da ciwon sukari, da farfaɗiya, da tarin fuka, da kuturta. To, a kan waɗannan na biyun mu ke so mu yi magana da malamai da akawuna na birnin Sakkwato da kewaye, domin sau da yawa mutum ba ya tuna hanyar asibiti sai ran da ya girgiza kwalba ya ji shiru. Ran nan kuwa watakila Asabar ce, ko jajiberen Salla, ko kuwa tsakiyar wata aljihu ya bushe. Ko ya je ma, yana yiwuwa ya tarar da dogon layi, in ya kai taga a ce masa maganin ya yanke, sai wani mako.

Wanda ya ke so ya san illar yanke magani, ya dubi tarihin kuturta a ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1940 Likita John Lowe ya tabbatar a Uzuakoli, can ƙasar Ibo, cewa ƙwayar dapsone ta haɗiya tana warkar da kuturta, ga ta kuwa da araha. Cikin shekarun 1950 aka baza ta a Jihar Arewa. Banda zangunan kutare irin na Amanawa, kusa da Sakkwato, aka riƙa ba da ita a disfensarorin En'e da ƙananan wuraren shan magani na ƙauyuka, mutum ya zo ranar da aka yanka masa, ya haɗiya, ya koma gona. Amma da ya ke magani ne na shekaru, kuma shi kaɗai a ke sha, wasu kuwa su sha yau su fasa gobe, sai ƙwayar cutar ta fara sabawa da shi a ƙasashe da dama. A 1964 aka tabbatar da haka a ƙasar Malesiya. Saboda haka a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa haɗa magunguna, watau dapsone da rifampicin da clofazimine, a sha wata 6 ko 12 gwargwadon ƙarfin cutar bisa tsarin yanzu. Tun 1995 kyauta a ke ba da su.

Wani lokaci kuma laifin ba na majiyyaci ba ne. A 2024 maganin kuturta ya yanke a Nijeriya har kusan shekara guda, domin an sami tsaiko wajen takardun gwajin da hukuma ta ke bukata kafin a shigo da shi daga Indiya, bai iso ba sai cikin watan Maris na 2025. Haka kuma a 2023 darajar naira ta faɗi, kamfanin GSK ya ba da sanarwar daina sayar da kayansa da kansa a ƙasar nan, kuɗin magunguna da yawa ya yi tsalle, har da abin shaƙa na masu asma. Yawancin magungunanmu daga ƙetare su ke zuwa, su sauka Ikko, sa'an nan su ɗauki hanyar da ta fi kilomita 1,000 kafin su kai Sakkwato. In mota ɗaya ta makara, mutum ɗari sun makara.

Tun da haka al'amarin ya ke, ga abin da ya kamata. Ran da ka karɓo magani, ka ƙidaya shi, ka lissafta ranar ƙarewarsa, ka rubuta a kalanda kamar yadda ka ke rubuta ranar albashi. In ya rage na kwana 7 zuwa 10, lokacin komawa ya yi. Ka dubi gabanka: akwai Salla, ko hutun makaranta, ko canjin wurin aiki, ko tafiya aikin Hajji? Ka gaya wa likita tun da wuri ya rubuta maka wanda zai ishe ka. Kuɗin magani kuwa a fid da shi ran da aka ɗauki albashi, tare da na hatsi.

Ka adana katinka da kwalin maganin, ka kwafe ainihin sunansa da ƙarfinsa a littafi, domin magani ɗaya ya kan zo da sunaye da yawa gwargwadon kamfanin da ya yi shi. In an ce babu, kada ka juya gida. Ka tambayi mai haɗa magani ko akwai irinsa na wani kamfani, da ranar da a ke sa ran zuwansa. In ba a dace ba, ka koma wurin likita a ranar, ya musanya maka ko ya nuna maka amintaccen kanti. Kada ka raba ƙwaya biyu don ta kai ka ƙarshen wata, kada ka ari na maƙwabci, kada ka sayi na 'yan talla da ya yini cikin rana. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada kuma ka tara na watanni barkatai, gama zafin bazara a Sakkwato ya kan wuce awo 40, yawancin ƙwayoyi kuwa ba a so su wuce 30.

Dalilin wannan nacin shi ne, hawan jini ba ya sallama. Mutum yana jin garau sai ɓarin jiki ya shanye. Mai farfaɗiya in ya yanke magani farat ɗaya, faɗuwar ta kan dawo da ƙarfi, watakila a bakin wuta ko rijiya. Mai tarin fuka in bai cika wata 6 ba, cutar ta kan dawo ta ƙi jin magani, ya kuma shafa wa iyalinsa.

A ƙarshe, ku malamai da akawuna, ku a ke kawo wa takarda ku karanta. In tsoho ya miƙo muku katinsa, kada ku tsaya ga karatu kurum. Ku tambaye shi ƙwaya nawa ta rage, ku gaya masa ranar da zai koma. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.