Gidan Haya da Ya Rasa Mai Shiga

Idan ka zaga Sabon Garin Nangere, hedkwatar ƙaramar hukumar Nangere a Jihar Yobe, za ka iya cin karo da gida a kulle, an rubuta "Gidan haya" da gawayi a jikin bango, har rubutun ya fara dushewa. Me ya hana shi samun ɗan haya?

Babban dalili shi ne kusancin garin da Potiskum. A can ake da bankuna, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, da babbar kasuwar shanu mai ci ranar Laraba. Saboda haka ma'aikacin da aka turo Nangere yakan gwammace ya zauna a Potiskum, ya zo aiki da safe, ya koma da yamma. Ke nan mai gida a Nangere ba zai tsuga kuɗi irin na Potiskum ya sami mai shiga ba.

A ce gidan naka ne, ka yanka masa naira 120,000 a shekara. Wani malamin firamare ya taya 100,000, ka ƙi sallamawa. Gida ya yi wata shida a rufe. Yi lissafi da kanka: ka guje wa asarar 20,000, ka yi asarar 60,000. Ban da wannan, gara tana cin ƙofofi, ciyawa ta cika tsakar gida, rufi yana yoyo da damina babu mai gaya maka. Masu gidaje da yawa ba sa yin wannan lissafi, don suna ganin rage kuɗi faɗuwar girma ce.

To, yaya za ka yi? Fara da gyara. Mai neman gida yakan duba rufi da makewayi, sannan ya tambayi inda ake samun ruwa, tun kafin ya tambayi farashi. Bayan haka ka nemi dillali, wato mutumin da ke haɗa mai gida da ɗan haya, a biya shi la'ada. Ka sanar da shugabannin makarantu da ma'aikatan asibiti, domin su ne ke fara jin labarin sabon ma'aikaci. Idan mai albashi ne, ka yarda ya riƙa biya duk ƙarshen wata maimakon kuɗin shekara a dunƙule.

Sai dai kada gaggawa ta sa ka miƙa mabuɗi ga wanda ba ka sani ba. Ku je gaban mai unguwa, a rubuta yarjejeniya, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.