Me ya sa yatsu ke ƙandarewa da hunturu?

Daga Disamba zuwa Janairu, duk wanda ya yi sammako zuwa garka a Gazawa, ko ya hau babur daga Agye ko Gidan Rumji zuwa Maradi, ya san yadda yatsu ke mutuwa har a kasa ɗaura igiya.

Jiki ne ke kare kansa. Yana son zafin cikinsa ya tsaya wajen digiri 37, don haka da sanyi ya bugi fata sai ƙananan jijiyoyin jini na hannu da ƙafa su tsuke, jinin ya koma wajen zuciya, huhu da ƙwaƙwalwa. Iska da jiƙa hannu da ruwa suna ƙara abin. A kan tsauni kamar Bagzan na Ayar, mai tsawon sama da mita 2,000, ƙarancin iskar shaƙa yana haɗuwa da sanyin. Mu a yankin Maradi ƙasarmu shimfiɗe take, hunturu kawai muke fama da shi.

Mai lafiya da ya ji ɗumi ya warware. Abin da ya fi damuna shi ne yara masu amosanin jini. Ƙwayoyin jininsu kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe jijiyar da ta riga ta tsuke, hannu da ƙafa su kumbura da azabar ciwo. Mai ciwon suga kuma yana iya ƙona ƙafa a bakin wuta bai ji ba.

Iyaye, a sa wa yara masu amosanin jini safa, a yi musu wanka da ruwan ɗumi in rana ta ɗaga, su sha ruwa sosai. In kumburi ko zazzaɓi ya zo, a kai su likita ranar.