Wayar Ofis Marar Igiya: Aikin Yana Jikin Bango, Ba a Hannu Ba

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, layukan NITEL kuma suka mutu murus, mutane da yawa sun ɗauka zancen wayar ofis ya ƙare. Kowane ma'aikaci da tasa a aljihu, to me ya rage? Abin da ya rage shi ne, lambar da ke aljihun ma'aikaci tasa ce, ba ta ma'aikata ba. Ranar da ya ajiye aiki, da ita zai tafi, abokan cinikin da suka saba kiransa su bi shi. Asibiti ko otal ko babban sito na bukatar lamba ɗaya da jama'a suka sani, wadda mai karɓar baƙi zai miƙa kiranta ga likita ko akawu, sannan a kira juna a cikin gida da gajeriyar lamba ba tare da an ci kati ba. Sai dai ma'aikaciyar jinya ba a tebur take wuni ba, haka ma mai kula da sito. Nan wayar ofis marar igiya ta samu gurbi.

Sassanta uku ne: ta hannu da ake yawo da ita, ƙaramar tasha da ake kafewa a bango, da na'urar raba kira da ake ce wa PBX, wadda a yau sau da yawa manhaja ce kawai a kwamfutar ofis ko a intanet. Masu saye sukan ɓata lokaci kan ta hannun, suna duba launin fuska da kyawun madannai, alhali a tashar bangon ake gane ko an yi asarar kuɗi.

Hanya biyu ce murya ke bi daga hannu zuwa bango. Ta farko DECT, tsarin da hukumar ETSI ta Turai ta fitar a 1992. Babbar fa'idarsa ita ce an ware masa zangonsa shi kaɗai, daga megahaz 1880 zuwa 1900. An raba zangon gida 10, kowane gida kuma yana ɗaukar hira 12 ta hanyar karɓa-karɓa cikin ƙiftawar ido, wato gurbi 120 ke nan. Wayar da kanta take laluben gurbin da ya fi tsabta, ta kuma sauya idan ta ji hayaniya. Ƙarfin da take aikawa da shi, idan aka daidaita, kusan miliwat 10 ne, shi ya sa batirinta ke kai ma'aikaci ƙarshen aiki bai nemi caja ba.

Ta biyu Wi-Fi. Tana da jan hankali, tunda yawancin ofisoshi sun riga sun kafa ta. Amma muryar da ta bi Wi-Fi tamkar mai ɗauke da tiren ƙwai ne a kasuwar Kwari ana gobe Sallah: kowa na turereniya, shi kuwa ko ɗan gugar kafaɗa asara ce. Zangon gigahaz 2.4 da Bluetooth ake raba shi, har da na'urar ɗumama abinci. Saƙon imel zai iya makara daƙiƙa biyu ba wanda ya lura, murya ba ta da wannan haƙurin. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ita ce jinkirin murya daga baki zuwa kunne kada ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa. Da ya zarce haka sosai, sai mutum biyu su riƙa taka maganar juna. Ana iya gyara Wi-Fi ta fifita murya a kan sauran kaya, ta kuma miƙa kira da sauri daga wannan eriya zuwa waccan, amma sai da ƙwararre da kayan da suka dace. A ganina, in dai magana kawai ake so, DECT ta fi kwanciyar hankali.

A jikin kwali za ka ga an rubuta mita 50 a cikin gini, 300 a fili. Wannan lissafin bai san ginin kankare mai rodi da dakin ba, balle sito mai cike da kantocin ƙarfe. Tasha ɗaya takan wadaci ƙaramin ofis, babban gini kuwa sai an jera da yawa, kowace tana jin maƙwabciyarta, domin mai magana ya sauko daga bene kiran bai tsinke ba. Duk dillalin da ya faɗa maka yawan tashoshin da kake bukata bai zaga ginin da na'urar awo ba, cinta yake yi. Ka kuma tambaye shi kira nawa tasha ɗaya ke ɗauka a lokaci guda, don yawan wayoyin da aka yi wa rajista daban, yawan masu magana tare daban. Adadin yakan ragu idan aka kunna tsarin murya mai faɗi na G.722, wanda ke kai wa haz 7000 maimakon 3400 na tsohuwar waya.

Batun wuta kuwa, tashoshin zamani ta kebul ɗin intanet suke shan lantarki, kuma kebul ɗin ba ya wuce mita 100. Wannan alheri ne a wurinmu: a ɗora akwatin da kebul-kebul ɗin suka haɗu a kan inbata, sai duk tashoshin su rayu tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da janareta.

Sirri ma abin tambaya ne. A Disamban 2008, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Berlin, an nuna yadda ake sauraron hirar DECT da kayan da ba su da tsada, domin wayoyi da yawa ba sa kulle muryar ko kaɗan. Bayan haka aka fasa tsohon makullin DECT ɗin kansa. Sababbin na'urori na iya amfani da makullin AES, kuma asibiti ko ofishin lauya bai kamata ya karɓi ƙasa da haka ba.

Sai tarkon da ya fi kama masu son araha. Wayoyin da aka ƙera don Amurka, masu tambarin DECT 6.0, suna aiki ne tsakanin megahaz 1920 da 1930. A Turai da ƙasashenmu, wannan yankin yana cikin zangon da wayoyin salula ke aika saƙo zuwa turakun kamfanonin sadarwa. Wayar gwanjo irin wannan za ta yi aiki a ofishinka, amma tana iya dagula sabis ɗin unguwa. Kafin ka biya, juya tashar ka karanta zangon da ke rubuce a bayanta, ka kuma nemi dillali ya nuna maka shaidar amincewar hukumar NCC.