Kafaɗar Matashi Ma Tana Gajiya

Da zarar matashi ya ce kafaɗarsa na ciwo, sai a ce masa sanyi ne, ko kuwa kwanciya ce ya yi ba daidai ba. Wani lokacin haka ne. Sai dai galibi aiki ne ya yi wa gaɓar yawa. Duk jikin mutum babu gaɓar da ta kai kafaɗa juyawa, domin kan ƙashin dantse yana zaune ne a wani gurbi marar zurfi, tsokoki guda 4 da jijiyoyinsu ne ke riƙe da shi. Su ne ke kumbura idan an matsa musu.

Mai tura kurar ruwa, da lebura mai miƙa kwanon siminti sama, da budurwar da ke daka, da saurayin da ya fara ɗaga ƙarfe yana gaggawar ƙirji ya buɗe, duk jijiya ɗaya suke gurzawa. Alamarta ita ce zafi idan an ɗaga hannu sama da kai, ko wajen zura hannun riga, sannan da dare a kasa kwanciya ta wannan ɓarin. Akwai kuma wanda bai ɗauki komai ba, wuni kawai ya yi a sunkuye kan waya ko keken ɗinki. Shi nasa daga wuya ciwon ke saukowa zuwa allon kafaɗa.

Irin wannan yakan lafa a gida. A kwana 2 zuwa 3 na farko, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a wuni. Bayan nan gashi da ruwan ɗumi ya fi sassauta tsoka. A dakata da aikin da ya jawo ciwon, amma kada a ɗaure hannun a rataye shi mako guda. Kafaɗar da ba ta motsi sandarewa take yi. A dafa tebur da lafiyayyen hannun, a sunkuya, a bar hannun da ke ciwo ya yi lilo a hankali. Da dare a kwanta ta ɗaya ɓarin, a rungumi matashin kai.

Farasitamol ya wadatar ga mafi yawan mutane. Ibuprofen da diclofenac suna rage kumburi, amma ba a shansu da yunwa, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ya nisance su. Shi kuwa haɗin nan na kemis da ake ƙullowa a leda ba suna, a guje shi, don wanda bai san abin da ya haɗiya ba bai san abin da zai faɗa wa likita ba.

Faɗuwa daga babur ko a filin ƙwallo wata magana ce daban. Idan kafaɗa ta canja siffa, hannun ya ƙi ɗaguwa, mai yiwuwa ƙashi ya goce ko ya karye. Kada abokai su taru su fizga, don akwai jijiyoyin jini da na motsi a wurin. A ɗauki hoto tukuna, ko da daga baya za a je wurin mai ɗori. Gocewar da ta sami matashi tana yawan dawowa, shi ya sa asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano ke haɗawa da atisaye bayan an mayar.

Mai sikila kada ya raina ciwon kafaɗa da ya ƙi tafiya, domin toshewar jini na iya kashe kan ƙashin, kamar yadda take yi a ƙugu. Macen da al'adarta ta makara, ga ciwon mara, ga jiri, ga zafi a tsinin kafaɗa, ta tafi asibiti nan take, don cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana haka idan ya fashe. Haka wanda ciwon ya zo masa da nauyin ƙirji da sarƙewar numfashi, ko zazzaɓi da kumburi mai zafi. Wanda kuma ya yi mako 2 yana jinya a gida bai ga sauƙi ba, ko hannun ya fara sagewa, ya nemi likita.